Jan Ɗigo Biyu a Fuskar Bege

Ku da kuke gyaran waya a layin nan, ina jin ku. Duk lokacin da na maƙala madubi a ido na sunkuya kan teburi, sai ku fara dariya ƙasa-ƙasa, wai Baba Isa yana fama da abin da bai wuce canjin batir ba. Ɗayanku ma ya taɓa ce min in mutum ya kalli bidiyo biyu ya gama koyon gyaran agogo. Na yi murmushi a lokacin, amma gaskiya na ji haushi. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, tunda in na fara magana da baki wayoyinku ba sa barin ku ku saurara.

Aikina na farko a wannan sana'a tsintar riɗi ne. Ina da shekara goma sha bakwai mahaifina ya kawo ni Madina daga Sudan, ya damƙa ni a hannun Alhaji Haruna Mai-agogo, wani bakano da ke da shago a hanyar Ƙuba. Na zaci ranar farko za a ba ni agogo in buɗe. Sai Alhaji ya zuba riɗi a faranti, ya ba ni hantsaki, ya ce in kwashe shi ɗaya-ɗaya zuwa wani farantin, kuma duk ƙwayar da ta yi tsalle ta faɗi ƙasa in sake daga farko. Wata uku ina wannan. Sai daga baya na gane cewa ƙusoshin cikin agogo sun fi riɗi ƙanƙanta, kuma sun fi shi iya gudu. Dokokinsa ba su da yawa. Ba a numfashi a kan buɗaɗɗen inji. Ba a taɓa fuskar agogo da yatsa. Ba a cin dabino a zauna a teburi sai an wanke hannu da sabulu sau biyu, wanda a garin nan ba ƙaramar doka ba ce.

Alhaji Haruna ba gyara kawai yake yi ba, yana da agogonsa na kansa. Wani ɗan kasuwa a Jidda ke yi masa odar inji daga Turai, wata masana'anta ta buga masa fuska, mu kuma mu haɗa a shago, mu sa mai, mu gwada kwana bakwai kafin a saka a gilashin sayarwa. Sunan agogon Bege. Ya ce duk wanda ya baro ƙasarsa ya zo Madina, begen Manzon Allah ne ya kawo shi, in ya koma gida kuma begen ne zai bi shi, to bari ya ɗaura shi a hannu. Da ajami ya rubuta sunan, haruffa uku, wato ba, gaini da ya, sannan a ƙarƙashin biyun farko akwai babban ɗigon nan da muke kira yamala, wanda ke sa a ce "be" da "ge". Ja aka buga ɗigon, irin yadda ake wasali a Alƙur'ani rubutun hannu. Balarabe in ya gani ya san ba yarensa ba ne, sai ya tambaya. Bahaushe kuwa daga nesa yake karantawa, ya tsaya cak.

Wani manomin dabino daga Badar shi ya koya min dalilin da ya sa makullin da ake murɗawa a yi wa Bege wani ya fi na sauran agoguna girma. Ya kawo min wani agogo na waje, makullin ya siɗe kamar tsohon kwabo. Na ce masa, ya ammi, wato baffana, me kake yi da shi haka? Ya ce ai kullum magariba yake gyara shi. A lokacin tsofaffi da yawa ba su bar lissafin da suka gada ba, inda faɗuwar rana ita ce ƙarfe goma sha biyu, saboda haka duk kiran sallar magariba sai an ja makulli an daidaita hannuwa. Alhaji ya san mutanensa. Ya sa aka yi wa Bege makulli mai kauri, mai zurfin tsaga, wanda yatsan manomi zai kama ba wahala. Masu tara tsofaffin agoguna yanzu suna rubuta dogon bayani a kan wannan makulli, wai ƙira ce ta musamman. Mu dai mun san don tsofaffin Badar aka yi shi.

Alhazai su ne manyan masu sayenmu. Mutumin Zinder, mutumin Katsina, mutumin Abeshe, kowa ya saya wa ƙaninsa ko surukinsa. Akwai wadda ta sa na buɗe mata bayan agogo don ta ga ko da gaske a Madina aka haɗa shi, ta leƙa, ba ta gane komai ba, ta ce to madalla, ta sayi biyu.

Sai wata mummunar shekara ta zo. Agogon batir ya cika kasuwa, arha kamar ƙasa, ba wani, ba mai, ba ya ɓata minti. Alhaji ya ga in bai rage kuɗin Bege ba ba zai sayar ba, sai ya koma wata masana'anta mai rahusa ta buga masa fuska. Kayan suka iso saura mako uku alhazai su fara sauka, kwali huɗu. Ni na yanke igiyar kwalin farko. Fuskokin sun yi kyau, fari tas, lambobi baƙi wuluk, amma ba jan ɗigo ko ɗaya. Ashe masana'antar tana da wani mai duba musu rubutun Larabci, ya ga ɗigon da bai sani ba, ya ɗauka kuskure ne, ya share.

Kafin mu gama fahimtar abin da ya faru, maƙwabcinmu mai sayar da turare ya leƙo shan shayi. Ya ɗauki fuska ɗaya ya karanta, sai ya ajiye da sauri yana a'uzubillahi. Haruffan nan uku in ba ɗigo, kalmar Larabci ce. Mai kyakkyawan zato ya karanta ta zalunci, mai mugun baki ya karanta ta karuwa. Wannan ce za mu ɗaura wa baƙin Manzon Allah a hannu. Na kalli Alhaji, fuskarsa ta yi toka-toka. Ya lallaɓa mai turare da cewa samfuri ne da aka yi kuskure za a mayar, ya raka shi waje, ya dawo ya ja ƙofa rabi.

Ba lokacin mayarwa, ba kuma halin sake oda. Alhaji idonsa ya fara rauni a lokacin, saboda haka ni ya dubi. Ya kawo jan fenti irin wanda ake gasawa, ya ba ni allurar da muke ɗiga mai da ita, wadda bakinta bai kai gashin gira kauri ba. Ya ce, "Isa, ɗigo biyu a kowace fuska. In ya yi girma ya zama tabo, in ya yi ƙanƙanta ya zama ƙura." Ku da kuke cewa aikin nan sauƙi ne, ku gwada sa ɗigon fenti a kan farar fuska mai sheƙi, a ƙarƙashin harafin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, kusa da ɗigon da harafin ba yake da shi tun asali, ba tare da sun haɗu ba. Dama ɗaya ce. In ka goge, sheƙin ya tafi, fuskar ta mutu. Na kashe goma sha ɗaya a rana ta farko. Alhaji ya riƙa jera su a gabana inda zan gan su.

Daga baya hannuna ya zauna. Na gane ana ɗiga shi ne a tsakanin fitar numfashi da shigarsa, kuma gwiwar hannu ba ta barin teburi. Ni bahago ne, saboda haka duk ɗigon da na sa yana da ɗan wutsiya siriri da ya karkata hagu, ba a gani sai da madubi. Kwana goma sha shida na yi ina wannan daga hantsi zuwa la'asar, don hasken rana kaɗai Alhaji ya yarda da shi. Ranar da na sa na ƙarshe, ya riƙe min hannu ya ce, "Wannan magana ta mutu a shagon nan. Kada kowa ya ji sunan da na raɗa ya taɓa zama abin da ya zama. Ko matata kada ta ji." Na ce na ɗauka.

Duk da wannan wahala, shekarar ba ta yi kyau ba. Alhazai suka wuce mu suka tafi wajen na batir. Kwali ɗaya da rabi muka sayar, sauran Alhaji ya kai gida. Daga nan bai sake yin oda ba, muka koma gyara zalla, har Allah ya karɓi abinsa. Aka rushe layin shagonmu aka yi gini, ni na dawo nan kusa da ku. Fuskoki biyu da suka zo da tsaga a gefe, waɗanda ban sa musu ɗigo ba, na naɗe a tsumma na jefa ƙasan akwatin kayan aikina. Shekara arba'in da wani abu ban buɗe tsumman ba.

Bara, wata safiya, wata budurwa ta shigo da kwali a hannu, ta ajiye a teburina. Hanan ce, jikar Alhaji, 'yar babban ɗansa da ke zaune a unguwar Khalidiyya. Haifaffiyar nan ce, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Ta ce suna gyaran gidan kakarta suka tarar da kwalaye a saman kabad, cike da agogunan kakanta, sababbi fil. Ta ɗauki hoto ta sa a waya, sai ga mutane daga Riyad, daga Kuwait, har daga Turai, kowa yana tambaya. Wai agogon ƙaramin shago mai sunansa a fuska, haɗin Madina, abu ne da ba a samu. Tana so ta farfaɗo da sunan, ta fara da baje kolin waɗannan. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa hannuna.

Sai ta ƙarasa maganar. Wani babban mai tara agoguna daga Jidda, ana ce masa Abu Faisal, ya duba su da madubi. Ya ce inji na asali ne, gidan agogon ma na asali, amma jan ɗigon nan da hannu aka ƙara shi a saman sheƙi, ba bugun masana'anta ba ne. A wajensu fuskar da aka taɓa ta zubar da darajarta, kuma in aka baje su haka za a ce suna sayar da kayan da aka yi wa wasa. Shawararsa a goge ɗigon a hankali a mayar da fuska yadda ta fito.

"Ya ammi Isa," ta ce, "an ce hannunka ya fi na kowa. Ka goge min su, khalas."

Na ce, "'Yata, kin san abin da aka rubuta a nan?"

Ta ce sunan agogon ne mana, tun tana ƙarama take jin ana faɗa. Ba ta taɓa tsayawa ta karanta haruffan da idon Larabci ba, kuma ba ta san ajami ba. Ita jan ɗigon ado ta ɗauke shi.

Nan fa na shiga tsaka mai wuya. In na goge, na mayar da sunan maigidana zagi da hannuna, a baje shi gaban duniya da hotuna. In na ƙi ban faɗi dalili ba, ta ɗauka ta kai wa ɗayanku, ku sa masa ruwan goge allon waya, minti biyar an gama. In kuma na faɗa, na karya alƙawarin da na ɗaukar wa mutumin da ke kwance a ƙasa. Na ce ta ba ni kwana uku, kuma ta kira min Abu Faisal ɗin mu haɗu a gidan kakarta. Kwana ukun nan agogo ɗaya ban gyara daidai ba. Na sa hannun minti a gurbin na awa, abin da rabona da yi tun zamanin riɗi.

Hajiya Inna, matar marigayi, tana nan da ranta a tsohon gidansu na Ƙuba, wanda bayansa ke kallon gonar dabino. Ta haura tamanin, ƙafa ta ƙi, amma kai garau. Muka zauna a falo bayan la'asar, ita a kan kujera da carbi, Hanan a gefenta, Abu Faisal da jakarsa ta madubai. Mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba, abin da ya gani gaskiya ne. Ya sake bayani a natse, ya nuna yadda fentin ya hau saman sheƙi.

Na yi wa Alhaji alƙawarin ba zan faɗa ba, amma ban yi alƙawarin hana wani karatu ba. Wannan ita ce 'yar dabarar da na kwana uku ina saƙawa, kuma ko a lokacin zuciyata ba ta gama yarda da ita ba. Na kwance tsumman nan, na ɗauko fuska ɗaya marar ɗigo da hantsaki, na ajiye a gaban Abu Faisal. Na ce, "Tayyib, ya ustaz. Ga yadda za su koma in an goge. Karanta mana."

Ya sunkuya. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi Hajiya, ya dubi Hanan, kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "Astagfirullah." Hanan ta karɓi madubin ta leƙa, ta dafe baki.

Na tura wa Hajiya agogo mai ɗigon. Ko tabarau ba ta sa ba ta ce, "Bege."

Sai Abu Faisal ya yi tambayar da nake tsoro. Ya ce ya gane ɗigon harafi ne, ba ado ba. Amma wa ya sa shi, kuma yaushe? In wani ne ya ƙara daga baya, matsalar tana nan. In kuwa a shagon mai sunan aka sa kafin a sayar, to wannan wani labari ne dabam. Yana buƙatar wanda zai shaida.

Na sunkuyar da kai ina kallon kafet. Sai na ji Hajiya tana dariya, irin dariyar tsofaffi mai haɗe da tari.

"Kai Isa," ta ce, "wai har yanzu riƙe kake da maganar nan? Shekara nawa?"

Na ce, "Hajiya, wace magana?"

"Ta kwali huɗu mana. Ai ranar da suka iso, kafin ya gama cin tuwo ya zayyana min komai. Washegari ya faɗa wa yayansa. Mai turare kuwa, kafin Juma'a duk layin sun ji. Ni na riƙa wanke jan fenti a hannun rigarka in ka kawo wanki, ka zaci ban san na mene ne ba?" Ta juya wajen baƙon ta koma Larabci. "Ya waladi, ga hannun da ya sa su nan a gabanka. Mijina ya sa shi, a shagonsa, kwana goma sha shida. Duba da kyau, bahago ne, za ka ga alama."

Ban san lokacin da na sauke ajiyar zuciya ba, har Hanan ta waigo. Shekara arba'in ina gadin ƙofar da tun ranar farko a buɗe take. Na ji haushin Alhaji na ɗan lokaci, Allah ya jiƙansa, sannan na ji wani sanyi ya sauka min tun daga wuya har ƙafa. Ban karya alƙawari ba, sunan kuma ya tsira.

Abu Faisal ya ɗauki agogo shida ya jera, yana bin su da madubi ɗaya bayan ɗaya. A kowanne ya sami wutsiyar nan ta hagu. Ya ce in ba shi hannuna ya gani, na ba shi, ya juya shi kamar mai sayen kaya. Ya ce wa Hanan kada wanda ya kuskura ya taɓa ɗigon nan, kuma fuskoki biyu marasa ɗigo a ajiye su a gida, ba na baje koli ba ne. Yanzu in kun duba wayoyinku za ku ga masu tarawa suna neman Bege mai wutsiya, suna gardama a kan wanne ɗigo ya fi kyau. Ni da na san goma sha ɗayan da na kashe, dariya kawai nake yi.

Muna shirin tashi Hajiya ta ce in dakata. Ta sa Hanan ta ɗauko mata wata 'yar jaka a ƙarƙashin matashi. Agogon Alhaji ne na hannunsa, daga cikin kwalayen nan, wanda ya ɗaura har ranar da ya kwanta. Gilashin ya taɓa fashewa, gumi ya shiga, ɗigon ƙarƙashin gaini ya ɓare, saura ɗaya. Ta ce tun da ta lura ta daina fito da shi, ba ta son ganin sunan rabi da rabi.

Abu Faisal ya ce da sauri, "La, ya hajja, wannan a bar shi yadda yake. In aka taɓa shi yanzu darajarsa ta ragu."

Ta ce, "Wa ya ce maka na sayarwa ne?"

Na kawo shi shago. Kun gan ni ranar, ku ne kuka ce Baba Isa ya yi awa ɗaya yana kallon agogo bai taɓa shi ba. Gaskiya ne. Hannun da ya yi kwali huɗu ba shi ne wannan ba, yanzu in na ɗaga kofin shayi sai ya yi ƙara a kan faranti. Na kwana biyu ina gwaji a bayan tsohon faranti, na ma koma kan riɗi, ban ji kunya ba. Rana ta uku da hantsi na wanke hannu sau biyu, na kafa gwiwar hannu a teburi, na tsoma allura. Na fitar da numfashi, kafin in ja wani na ɗiga.

Da na ɗago na duba da madubi, ga shi nan zaune a gurbinsa, bai taɓa harafi ba, da 'yar wutsiyarsa ta hagu. Da ya bushe na mayar da gilashin na rufe.

Hanan ta zo karɓa da yamma. Na yi masa wani, na sa mata a tafin hannu yana tafiya. Ta kai shi kusa da ido, ta bi haruffan da farce ta saman gilashi, a hankali, kamar mai koyon karatu. Tun da na san yarinyar nan ban taɓa jin kalmar Hausa ta fito daga bakinta ba. Ta ce, "Be... ge." Sannan ta ɗago ta ce, "Baba Isa, na faɗa daidai?"

Na ce daidai ne, 'yata, ɗigo biyun duk sun fito.